Batir ne ya gaji ko wani abu ke shanye shi? Motata ta fara nauyin tashi da safe

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar masana. Corolla ce gare ni, ƙirar 2009, otomatik, ina zaune a Kano. Batirin da ke ciki sabo fil na saye shi shekara biyu da wata huɗu da suka wuce, mai amfiya 62. Tun da hunturun nan ya shigo, in na fito da sassafe zan kai yara makaranta sai in ji tana jan jiki kafin ta tashi, kamar wanda aka tasa daga barci. Da rana kuwa murɗa ɗaya ta isa. Shekaranjiya Litinin ta ƙi gaba ɗaya, ba abin da nake ji sai ƙas-ƙas-ƙas, sai da maƙwabcina ya jona mini waya daga tasa. Na kai wa wani mai wayarin, ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce batir ya mutu, in kawo kuɗi ya je ya sayo mini. Wani abokina kuma ya rantse altaneta ce, wato na'urar da ke cika batir in inji na aiki, ba ta caji. Kun dai san kuɗin batir yanzu. Ta yaya zan tabbatar kafin in zuba kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba?

Direban_Hayis:
Wa alaikumus salam. Shekara biyu da wata huɗu a zafin Kano? Alhaji ka gode wa Allah, ya yi maka ƙoƙari. Mu nan ko wata goma sha takwas ya yi sai mu ce albarka. Ka canja kawai.

Na_Goggo:
Abu mai sauƙi. Ka tayar da motar, tana cikin aiki ka zare kan batir. In ta mutu, altaneta ce. In ta ci gaba da aiki, batir ne. Haka muka taso muka ga ana yi.

Oga_Riwaya:
Na_Goggo don girman Allah kar ka sa bawan Allah ya yi asara. Wannan dabarar ta zamanin 504 da Bitil ce, lokacin da babu komai a mota sai kwal da filogi. Motar yanzu kwamfuta ce ke tafiyar da ita, wadda muke ce wa birenbos. Batir shi ne ke shanye tsallen da wuta ke yi, in ka zare shi injin na aiki wutar altaneta na iya haurawa lokaci guda ta ƙona birenbos ko rediyo ko ita kanta altanetar. Na sha karɓar mota da aka yi wa haka. Kuma ma gwajin ba ya faɗin gaskiya, altaneta mai rauni tana iya riƙe injin amma ba ta cika batir.

Abban_Hanifa, kafin komai ka duba kawunan batirin. Ka kama kowanne ka murɗa da hannu. In ya motsa, ko ka ga farin gari ko kore ya taru a kai, to ka fara da nan. Ƙas-ƙas ɗin da ka ji, sako-sakon kai ma yana kawo shi. Ba ƙaramin batir aka jefar ba saboda noti ɗaya da bai ɗauru ba.

Na_Goggo:
To ai ni na sha yi, ban taɓa ƙona komai ba.

Oga_Riwaya:
Wanda ya tsallaka titi ido rufe ya tsira ma haka zai ce maka.

Injiniyan_Samaru:
Ina goyon bayan Oga. Malam Abban Hanifa, amsar tambayarka tana jikin 'yar mitar gwajin wuta, irin ta masu gyaran rediyo. Ba ta da tsada, in ba ka saya ba ma ka ara. Ka juya ta zuwa DC 20, jar waya a kan mai alamar +, baƙa a kan mai alamar −. Gwaji uku za ka yi.

Na farko da safe, kafin ka taɓa makulli, bayan motar ta kwana. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. In ka ga 12.4 ya ɗan sauka, wajen kashi uku cikin huɗu ke nan. 12.2 rabi ne. 12.0 saura ƙiris. Mutane na ganin 12 su ce ai batir mai 12 ne, lafiya lau, alhali wannan batir ne da ya kusa ƙarewa. In kuwa ka ga 10.5 ko kusa da haka, ɗaki ɗaya ya mutu. Ɗakuna shida ne a ciki, kowanne na ba da wajen 2.1, in ɗaya ya tafi babu cajin da zai dawo da shi.

Na biyu, wani ya murɗa makulli kai kuma idonka na kan mita. Lamba za ta faɗi na ɗan lokaci, wannan dole ne. Amma kar ta faɗi ƙasa da 9.6. Wannan shi ne gwajin da ya fi muhimmanci, don batir yana iya nuna 12.6 a zaune amma da an ɗora masa kaya ya durƙushe.

Na uku, injin na aiki. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.7. Ka kunna fitilun gaba da esi ka sake dubawa, kar ta sauko ƙasa da 13.5 sosai. In tana 12 da wani abu injin na aiki, abokinka ya yi gaskiya, altaneta ce ko fambel, wato bel ɗin da ke juya ta. In ta wuce 15 kuma tana dafa batirin ne.

Kar ka gwada na farkon da zarar ka kashe mota, zai ba ka lamba mai daɗi ta ƙarya.

Maman_Ilham:
Injiniya Allah ya saka da alheri, na adana wannan. Bara haka aka yi mini. Motata ta ƙi tashi a bakin asibiti, aka kira wani ya zo ya ce batir, na saya a nan take saboda ina da mara lafiya a hannu. Bayan kwana biyar sabon ma ya kwanta. Ashe altaneta ce tuntuni. Tsohon batirina kuma lafiyarsa ƙalau, ya riga ya tafi da shi. Abin da ya fi ba ni haushi, jar fitilar nan mai hoton batir ta yi sati tana kamawa tana ɗaukewa a dashbod, ni kuma na ɗauka batir take nufi.

Oga_Riwaya:
Hajiya ba ke kaɗai ba ce. Hoton batir ne a jiki amma maganar caji take yi. In ta kama mota na tafiya, altaneta ce ko fambel ko wayar da ke tsakani. Da wuya a ce batirin ne kansa.

Ga wanda ba shi da mita kuma, akwai gwajin fitila. Kunna fitilun gaba ka fuskanci bango, ka murɗa makulli. In haske ya dushe ƙwarai ko ya ɗauke, wuta ce ta yi kaɗan, batir ko kawunansa. In haske bai ko motsa ba kuma ka ji ƙas guda ɗaya tak, ka nemi kik, wato abin da ke murɗa inji ya tashi, ka bar batir ya huta.

Dattijo_504:
Yaran zamani komai sai mita. Mu da sifana muke gwadawa, a ɗan goga tsakanin kawunan biyu, in tartsatsi ya yi ƙarfi batir na da rai. Amma gaskiya tun ranar da na ga batir ya fashe a fuskar wani yaron gareji a gabana na daina, kuma ba na bari a yi a gabana. Allah ya taimake shi akwai randa kusa, aka yi ta kwara masa ruwa. Batirin da aka sauke daga caji yana fitar da iska mai kama wuta, ko ashana ba a kyautawa a kusa da shi, balle a leƙa ramukan da laita.

Abin da nake so in tambayi mai motar: batirin naka mai murafu ne ko rufaffe? In mai murafu ne yaushe rabon da ka duba ruwansa?

Abban_Hanifa:
Baba mai murafu ne, kuma wallahi ban taɓa buɗewa ba tun da na saya. Kunya ma ta kama ni. Akwai wani ɗan ido a samansa, kullum kore nake gani, shi ya sa hankalina ke kwance.

Mai_Batir_KD:
Wannan idon ɗaki ɗaya kawai yake kallo cikin shida. Sauran biyar ɗin za su iya bushewa shi yana nan kore shar. Ka buɗe ka duba, ruwa ya rufe farantan ciki. In ya yi ƙasa ka ƙara ruwan batir tatacce, kar ka cika shi har baki.

Ni batir nake sayarwa a Kaduna shekaru da dama, kuma ba don in yi ciniki ba, maganar Direban_Hayis akwai ƙamshin gaskiya. Sanyi ake zagi amma zafi ne ke kashe batir. Watan Afrilu da Mayu, ana arba'in da wani abu a waje, ka ƙiyasta abin da ke ƙarƙashin bonet a cunkoson Kano. Ruwa na ƙonewa, farantai na ci. Hunturu yana zuwa ne kawai ya tona asiri, don da safe man injin ya yi kauri, batir kuma ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa daga Disamba zuwa Janairu ba ma zama.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan in batiri ya yi sanyi sai a kai wa mai caji ya zubar da ruwan ya sa sabon asid, sai ya dawo kamar sabo. Na yi wa tawa haka ta ƙara wata shida.

Injiniyan_Samaru:
Ɗan_Maraɗi, ya farfaɗo na ɗan lokaci amma ba gyara ba ne. Ruwa ne ke tashi ya bar batir, asid ba ya tashi. In batir ya sauka, asid ɗin yana manne ne a jikin farantai, caji ke mayar da shi cikin ruwan. In ka zuba sabo ka ƙara masa kaifi fiye da ƙima, mita za ta nuna lamba mai kyau, farantan kuma su ƙara saurin lalacewa. Sai dai in batirin ya kife ya zube, nan ne ake sa asid. Wata shidan da ka samu wataƙila cajin da aka yi masa a hankali ne ya ba ka, ba asid ɗin ba.

Ɗan_Maraɗi:
To ko ma mene ne, wata shida dai na samu, kuma jaka nawa na kashe? Talaka bai san farantai ba, ya san mota ta tashi.

Uwar_Biyu:
Tunda ana maganar ruwa, fiya wata fa? Direbanmu shi yake zubawa.

Oga_Riwaya:
A'a Hajiya, ki hana shi. Fiya wata da ruwan rijiya da na burtsatse duk akwai gishirin ƙasa a ciki, mai kyau ne ga cikin mutum amma ba ga batir ba. Wasu na tarar ruwan da ke ɗiga daga esin ɗaki, ya fi na rijiya nesa ba kusa ba, sai dai ƙura na shiga. Gorar ruwan batir ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba, a saya a huta.

Abban_Hanifa:
Jama'a na dawo da rahoto. Na ari mita wajen wani mai gyaran waya a layinmu. Kawuna sun ɗauru amma akwai farin gari a mai alamar +, na wanke da ruwan zafi na goge da burushi. Ruwa ya yi ƙasa a ɗakuna biyu, har ina hango saman farantan, na ƙara. Yau da safe kafin in taɓa komai: 12.1. Da matata ta murɗa makulli ya faɗi zuwa 8.9 amma ta tashi da ƙyar. Injin na aiki: 14.2, da fitilu da esi 13.9. Ke nan altaneta ta fita daga zargi ko?

Direban_Hayis:
Ba na faɗa ba? 8.9. Ka kai shi makabarta.

Injiniyan_Samaru:
Altaneta ta wanku. Amma Direba ka dakata da jana'izar. Batirin da ke 12.1 bai kai rabin caji ba, in ya faɗi 8.9 ba a yi masa adalci ba. Ba a yanke wa batir hukunci sai an cika shi tukuna. A kai shi wajen mai caji ya kwana a kan wuta mai sauƙi, a bar shi ya huta wasu awanni, sannan a sake gwadawa.

Kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun saƙonka na farko. Ka ce ranar Litinin ce ta ƙi tashi gaba ɗaya. Asabar da Lahadi kana fita da ita?

Abban_Hanifa:
A'a. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na rage yawo. Daga Juma'a da yamma sai Litinin. Sauran ranakun ma makarantar yara ce da ofis, duka bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba.

Injiniyan_Samaru:
To nan gizo ke saƙar. Abu biyu ne. Tafiyar minti goma sha biyar da esi da rediyo, rabinta a tsaye a danja, ba ta mayar wa batir abin da ya rasa in dama a ƙasa yake. Batirin da ya daɗe a rabin caji kuwa, wani farin abu yana daskarewa a farantansa, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Na biyu, ina zargin akwai ɓarawon da ke sha da dare. Lafiyayyen batir ba ya faɗuwa don an ajiye mota kwana biyu da rabi. Akwai abin da aka ƙara wa motar? Tiraka, ƙararrawar ɓarayi, manyan sifiku, rediyo mai allo?

Abban_Hanifa:
Ikon Allah. Rediyo mai allo na sa wata uku da suka wuce, irin mai kyamarar baya.

Oga_Riwaya:
Hahaha, ga mutumin. Rediyo wayar wuta biyu gare shi, ɗaya mai wuta kullum don ya riƙe tashoshi da agogo, ɗaya kuma sai an murɗa makulli. Masu gaggawa sai su haɗe su wuri guda a kan mai wuta kullum. Allo ya yi duhu ka ɗauka ya mutu, alhali cikinsa na aiki har gari ya waye.

Ga yadda za ka kama shi. Kashe mota, zare makulli, rufe ƙofofi duka da but. Cire baƙin kai, wato mai alamar −. Mayar da jar wayar mita ramin da aka rubuta 10A, ka juya ta can. Waya ɗaya a kan batir, ɗaya a jikin wayar da ka cire, wuta ta bi ta cikin mita ke nan. Jira kamar minti ashirin ko talatin kwamfutocin motar su yi barci. Abin da ya dace ka gani bai wuce 0.05 ba. In ya fi haka sosai, ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗo. Kar ka kuskura ka murɗa makulli mita na haɗe a haka, za ka saya wa mai gyaran waya sabuwa.

Kullum in za a cire batir baƙin kai ake fara cirewa, in za a mayar shi ne na ƙarshe. In ka fara da ja, sifana ta taɓa ƙarfen mota, za ka ga walda ba shiri.

Bajasshe_99:
Ni tawa fitilar but ce. 'Yar ƙaramar fitila mai wat 5, makunninta ya lalace, tana ci dare da rana a cikin rufaffen but. Batir biyu na canja a shekara ɗaya, ina ta zagin sanyin Jos. Yadda aka gano, ƙanena ya sa wayarsa tana ɗaukar bidiyo ya rufe ta a ciki.

Na_Goggo:
Duk wannan wahalar da manuwal ce da an tura ta an wuce wurin. Ni shi ya sa ba na barin Golf ɗina. Gangare ɗaya, giya ta biyu, shi ke nan.

Maman_Ilham:
Na_Goggo, wa zai tura ni ƙarfe goma na dare da yara uku a baya?

Zangon_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Tambaya ta gefe, a yi haƙuri. Tsohon batirin mota da ya daina tayar da inji, zan iya sa shi a sola ya ba ni fitila da cajin waya?

Injiniyan_Samaru:
Zai yi na ɗan lokaci in ba ɗaki ne ya mutu ba. Amma ba don haka aka ƙera shi ba. Batirin mota farantansa sirara ne masu yawa, aikinsa ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa biyu ko uku a mayar masa nan take. Na sola farantansa masu kauri ne, yana jure a sha shi a hankali har ya yi ƙasa. In kana zuƙe na mota kowane dare ba zai daɗe ba. Kuma kar ka ajiye shi a ɗakin kwana.

Dattijo_504:
Gara ya sayar wa masu sayen tsofaffi ko ya ba mai shago a rage masa kuɗin sabo. Abin da ba na so shi ne a bar shi a tsakar gida, ko yara su fasa su narka dalmar. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu.

Bajasshe_99:
Baba waccan ta haƙar zinariya ce, duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje a yankin Anka da Bukkuyum, ba batir ba.

Dattijo_504:
Na sani ɗana. Amma dalmar ai guda ce, ba ta tambayar daga ina ta fito kafin ta shiga jinin yaro.

Abban_Hanifa:
Rahoto na biyu. Na yi gwajin Oga, na jira rabin awa: 0.38. Na zare fiyus ɗin rediyo ya faɗo 0.03. Na koma wajen wanda ya sa mini, da farko ya ce haka ake yi, da na nuna masa mita sai ya yi shiru ya raba wayoyin. Batir kuma ya kwana a caji. Bayan ya huta 12.6. Na mayar, na bar motar tun jiya da la'asar, yau da safe 12.4. Da aka murɗa ya faɗi 9.8, ta tashi, ta fi da kuzari amma ba kamar lokacin da yake sabo ba. Yanzu kuma fa? In canja ko in ci gaba?

Injiniyan_Samaru:
Yi lissafin da kanka ka gani. 0.38 sau awa 24 ya haura amfiya 9 a kwana guda. Daga Juma'a da yamma zuwa safiyar Litinin sama da 20 ke nan, daga batirin da 62 aka rubuta a jikinsa lokacin yana sabo, wanda kuma dama ba a cike yake ba. Wata uku ana yi masa haka.

9.8 ya ci jarrabawa, amma da ƙyar. Saukowa daga 12.6 zuwa 12.4 a dare ɗaya ba tare da ɓarawo ba ma tana nuna ya tsufa. Ni dai zan ce yana da sauran rai amma ba mai yawa ba. In kana so ka ji daga bakin na'ura, manyan shagunan batir suna da wadda ke auna CCA, wato ƙarfin bugun tayar da inji, ka kwatanta da lambar da ke jikin takardarsa. In ya yi ƙasa da ita sosai ka san inda aka dosa.

Mai_Batir_KD:
Ni a ganina ka canja yanzu kana da zaɓi. Ranar da ya kwanta maka a hanya duk abin da aka kawo maka shi za ka saya, a kuma farashin da aka ga dama, tambayi Maman_Ilham. Farantan da suka taɓa fitowa waje suka sha iska ba sa komawa yadda suke. In ya tsallake hunturun nan, bazara na jiransa.

In za ka saya, ka je da mitar. Sabon batir a kan kanta ya nuna 12.5 ko sama. Ka nemi a nuna maka kwanan watan da aka yi shi, wasu kamfanonin harafi suke sa wa wata, A Janairu, B Fabrairu, sai lamba ɗaya ta shekara. Wanda ya wuce wata shida a ajiye ka bar musu. Duba kawunan, in akwai sawun matsewa an taɓa ɗaura shi, wanke shi aka yi aka manna sabuwar takarda. Ɗaga shi ka ji, batir biyu masu lamba ɗaya in wani ya fi wani sauƙi an rage masa dalma. A rubuta maka garanti a rasit, ba a baki ba. Kuma ka duba ɓangaren da + yake kafin ka bar shagon, don kar waya ta ƙi kaiwa.

Direban_Hayis:
Wannan ita ce magana. Ni da nake bin hanyar Kano zuwa Abuja, batirin da na fara shakka ba ya kwana a motata. Akwai wuraren da ba a so mota ta mutu ko na minti biyar.

Dattijo_504:
Mai batir ya ce a sayi batir, ai ba labari ba ne. Kai kuma Direba hanyarka daban, tasa daban. Mutumin nan daga gida sai makaranta sai ofis, maƙwabcinsa na da waya. An kama ɓarawo, an ƙara ruwa, mota na tashi. A kan me zai jefar da abin da ke aiki? Ya riƙa ba ta tafiyar rabin awa ko fi sau ɗaya a sati, ya je Wudil ya dawo in ya ga dama, ya shafa ɗan giris a kawunan, ya duba ruwa duk wata. Nawa ya taɓa yin shekara huɗu da haka.

Mai_Batir_KD:
Baba ranka ya daɗe, ni ina Kaduna shi yana Kano, ko ya saya Ƙofar Ruwa zai je, sisi ba zai shigo aljihuna ba.

Na_Goggo:
Man da zai ƙona zuwa Wudil duk sati, wata nawa zai yi kafin ya kai kuɗin sabon batir? A yi mana wannan lissafin ma, Injiniya.

Uwar_Biyu:
Ni tambayata ɗaya: madam tana tuƙa motar ita kaɗai? In tana yi, kar ka tsaya jayayya da su Baba.

Abban_Hanifa:
Tana ɗauka ranar Alhamis ta je gidansu a Hotoro, wani lokaci sai bayan isha take dawowa. Kin sa ni tunani Hajiya. Abin da na yanke a yanzu, na sayi wayar jonawa na sa a but, zan riƙa aunawa kowace Litinin da safe tunda ita ce rana mafi tsanani. In na ga 12.2, ko ya faɗi ƙasa da 9.6 wajen murɗawa, ko ranar albashi ba ta zo ba zan nemo kuɗin. Mai mitar dai ya fara tambayata yaushe zan dawo masa da kayarsa.

Oga_Riwaya:
Tunda ka sayi wayar ka koya wa madam yadda ake jonawa. Ja a + na mataccen, ɗaya bakin jan a + na mai rai. Baƙa a − na mai rai, bakin ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motarku, nesa da batir, don tartsatsin ƙarshe kar ya tashi a kansa. Cirewa kuma daga ƙarshe ake farowa. In ta ga batirin ya kumbura ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai kar ta bari kowa ya jona komai.

Ɗan_Maraɗi:
Ni har yanzu ina nan a kan bakana, da ka kawo shi Maraɗi da tuni an gama.

Bajasshe_99:
Abban_Hanifa yau Litinin, muna jiran lamba.

Abban_Hanifa:
12.3, wajen murɗawa 9.7. Ta tashi.

Direban_Hayis:
Yana sauka fa.

Dattijo_504:
Ta tashi ko ba ta tashi ba?